Teuvo da Katin Hoto Mai Fanka Ɗaya

A ƙauyenmu ba a cika magana ba. Mutum biyu za su iya wuni a kan tafki suna kamun kifi, su koma gida su ce sun sha hira. Teuvo, mijin yayata Orvokki, shi Allah ya haɗa wa bakin ƙauyen gaba ɗaya, kuma bai taɓa barin sa ya huta ba. Ya san gyaran mota, ya san noman dankali, ya san inda kifi ke kwana a ƙarƙashin ƙanƙara. Motar da ya gyara tana tafiya ce kawai ba a taɓa gani ba. Ni ina son sa, don ba shi da mugunta ko kaɗan, amma ko tsani ba na ba shi aro.

Abu ɗaya ke ci masa rai: ƙungiyar ƙauye ba ta taɓa damƙa masa komai ba. Akwai mai riƙe makullin sauna, wato ɗakin wankan tururi, akwai mai ɗaga tuta, har injin dafa kofi yana da mai kula da shi. Teuvo kuwa sai dai a ce ya taya jera kujeru. Yana dariya idan an tsokane shi a kan haka, amma na san abin yana damun sa.

To, a hunturun bara ƙungiya ta yanke shawarar zuba kwamfutoci a wani ɗaki na zauren ƙauye, don matasa su sami wurin wasa su daina gudu birni duk ƙarshen mako. Komai an daidaita, sai katin hoto. Shi ne allon nan da ake sokawa a cikin kwamfuta, wanda ke zana duk abin da ido ke gani a wasa, kuma shi ne mai tsadar. Reijo, likitan haƙori, mutumin da ko burodi ba ya saya sai ya tabbatar shi ne mafi tsada a kanti, ya miƙe ya ce a sayi irin nasa, mai fanka uku.

Teuvo ya yi tsalle ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Fanka uku! Jirgin sama za mu tayar? Akwai kati mai fanka ɗaya, kuɗinsa bai kai rubu'in naka ba, kuma idan ya faɗa hannun wanda ya san sirrinsa sai ya bar naka a baya yana haki."

"Wane ne ya san sirrin nasa?" in ji Reijo.

"Kana kallon sa."

"Kai da ka gyara mini rediyo ya koma kama tashar Rasha kaɗai?"

"Ai da can ma ba ya kama komai. Ka gode mini?"

Tellervo, shugabar ƙungiya, tsohuwa ce 'yar gajeriya wadda ta koyar da rabin ƙauyen a firamare, kuma har yau idan ta ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi kowa sai ya nutsu. Ta ƙwanƙwasa. Ta ce ranar bikin zamiya a kan dusar ƙanƙara, bayan an sha miyar wake, kowannensu ya kawo kwamfutarsa zaure, a haska wasan tseren mota iri ɗaya a majigi, jama'a su gani da idonsu. Katin da ya gamsar shi za a saya, kuma mai shi ne zai riƙe makullin ɗakin.

Da jin kalmar makulli, sai na ga idon Teuvo ya kawo ruwa. A hanyar gida har ya fara nuna mini aljihun da zai riƙa sa shi.

Katin ya iso ta gidan waya a cikin ɗan kwali. Teuvo ya kira ni in zo in shaida. Ya soka shi, ya haɗa sitiyarin wasa, ya tayar da tsere. A kusurwar allo akwai wata lamba mai nuna hoto nawa katin ke juyawa a daƙiƙa guda. Idan ta hau, mota ta tafi sumul, idan ta sauka, sai ta riƙa tsalle-tsalle. Gaskiya katin bai yi laifi ba. Mota tana tafiya, itatuwa suna wucewa, ba abin da ya dami ido.

Na ce, "Ai ya yi. Wannan ya ishi yara."

Ya juyo ya dube ni kamar na zagi kakarsa.

"Ya isa? Kauko, a gidana kake ce wa katina ya isa? Lambar Reijo ta ninka wannan. Ni ba isa nake nema ba, kunyata shi nake so in yi."

"Mijin yaya, abin arha ne, ka bar shi ya yi aikin arha."

"Kamfani ne ya ɗaure masa ƙafa don a sayi mai tsada. Ni zan kwance shi."

Ya shiga murɗe-murɗe. Ya ƙara wa katin wuta, ya ƙara masa gudu, ya kai komai ƙarshe. Fankar ta fara kuka irin na injin markaɗe. Lamba ta ɗan ɗaga, Teuvo ya buga tebur, sai motar ta koma shunayya, itatuwa suka ɓace, direban da ke cikinta ya rasa kai. Daga nan allo ya yi baƙi.

Ya taɓa bayan kwamfutar ya janye hannu da sauri.

"Zafi ne kawai. Ƙarfi ya yi masa yawa. Kuma dubi waje, Allah ya ba mu sanyi kyauta, mutanen kudu suna biyan kuɗi su saya."

Ya bi tagogin gidan ya wangale su duka. Lokacin tsakiyar hunturu ne, sanyin da idan ka shaƙi iska gashin hanci ke manne wa juna. Ya sake kunna kwamfutar, lamba ta hau. Orvokki ta dawo daga aiki ta tarar furanninta na bakin taga sun sunkuyar da kai, kyanwa ta shige cikin tanda, mijinta na zaune a falo da hular gashi yana tuƙi.

"Teuvo, mene ne wannan?"

"Bincike."

"Furen uwata ne wancan da ya mutu."

"Orvokki, dubi lambar nan tukuna."

"Kai da lambar ku fita. Duk wanda ya fi jin sanyi a cikinku ya dawo."

Haka bincike ya koma tsakar gida. Washegari na zo wucewa na ga taro a bakin shingensu. Teuvo ya kafa tebur a cikin dusar ƙanƙara, ya jawo wayar wuta daga gareji, ya cire murfin kwamfutar, yana tuƙi da safar hannu mai kauri. Duk kwanar da ya zo sai ya daki itace, amma shi ba hanya yake kallo ba, lamba yake kallo. Gashin bakinsa ya daskare ya yi fari fat. Maƙwabta suna tsaye shiru, hannu a aljihu, wanda a wurinmu alama ce ta abin ya ƙayatar matuƙa.

Wata maƙwabciya ta ce, "Orvokki ta kore ka ne?"

"Ni na fito da kaina. Ilimi ba ya son ɗumi."

"To ita kwamfutar me ta yi mata?"

Bai ko saurare ta ba, don lamba ta sake hawa. Amma har yanzu ba ta kamo ta Reijo ba, kuma Teuvo ya gano dalili: gidaje suna tare iska. Sai ya ɗora komai a amalanken ƙanƙara ya ja zuwa tafki, wanda ya daskare ya zama ƙanƙara. Ya jona wuta daga 'yar saunarsa ta bakin ruwa, ya haɗa duk wayoyin da ya iya arowa a unguwa, ya kafa tebur a fili inda iska ke yankan fuska. Ni na bi shi ne don yayata ta ce idan ya daskare in dawo mata da kwamfutar, ita ce mai amfani.

Tsoho Aatos na zaune kusa da ramin da ya huda a ƙanƙara yana kamun kifi. Ya ɗago kai ya dubi kwamfutar.

"Da wannan ake kama su yanzu?"

"Baba Aatos, tarihi ake kafawa a nan."

"Ka kafa shi can gaba. Kukan fankarka ya kore mini kifi."

A nan ne abin ya faru. Iska ta taso daga arewa, ta bi ta cikin kwamfutar, lamba ta yi tsalle ta wuce wadda Reijo ke taƙama da ita. Ba ta daɗe ba, ƙiftawar ido ce, a wani wuri da motar ke fuskantar bango babu abin zanawa. Amma Teuvo ya gani, ni ma na gani. Ya yi ihu, ya yi rawa a kan ƙanƙara, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, yana zaune yana ci gaba da ihun.

Kafin magariba babu wanda bai ji ba. Ya faɗa a kanti, ya faɗa a gidan mai, ya tare mai kawo wasiƙa ya faɗa masa. Har asibitin Reijo ya je, ya leƙa kai ana tsakiyar cire wa wani haƙori.

"Likita, ka fara neman mai sayen fankokinka. Ko ka ba Orvokki ta riƙa busar da wanki."

"A ina ka gwada?" in ji Reijo.

"Wannan sirrin masana ne."

"Aatos ya ce a tsakiyar tafki."

"Aatos bai san komai ba sai tsutsa."

Na ja shi gefe na tuna masa cewa a zaure za a yi gasar, kuma zaure akwai ɗumi. Ya dafa kafaɗata da tausayi.

"Kauko, shi ya sa kai direban bas ne, ni kuma ni ne. Sanyi ai ana tara shi. Dankali ma idan ya kwana a waje wuni yake yi bai saki ba. Zan bar kwamfutar a rumbun itace ta sha sanyi har cikin ƙashinta, in kai ta zaure da sanyinta, kafin ta farga ta yi ɗumi na gama da Reijo."

Ranar biki ta zo. Yara da manya sun wuni suna zamiya daga kan tudu, aka dawo zaure da kumatu jajaye. Zauren ya cika maƙil. Tukwanen miyar wake suna tafasa, rigunan sanyi jiƙaƙƙu suna rataye suna tururi, tagogi duk sun yi gumi. Reijo ya fara. Motarsa ta tafi sumul, har ɗigon ruwan da ke kan gilashinta ana gani. Jama'a suka gyaɗa kai. Ya zauna yana goge tabarau kamar shi ya ƙera katin.

Sai ƙofa ta buɗe. Teuvo ya shigo yana jan amalanke, ya sa rigarsa ta zuwa coci, kwamfutar na lulluɓe da bargo don kada sanyinta ya tsere. Ya ɗora ta a tebur, ya yi jawabi a kan masu kuɗi da ba su san darajar kuɗi ba, sannan ya yaye bargon.

Duk mai tabarau a ƙasar nan ya san abin da ke faruwa idan ka shigo ɗaki mai ɗumi daga cikin sanyi: nan take gilashin ke yin gumi. Kwamfutar ta fara yin fari, sannan farin ya narke, ruwa ya tsattsafo a jikinta ciki da waje. Katin ya jiƙe sharkaf, har yana ɗiga a kan teburin.

Wata mata ta ce, "Kuka take yi."

"Tsoron Reijo ne," in ji wani daga baya.

"Gumin ƙarfi ne," in ji Teuvo, amma muryarsa ta ɗan sauka.

Reijo ya ce, "Idan ka kunna ta a haka, ka gama da ita. Ka bar ta ta bushe zuwa gobe."

Da wani ne ya faɗa, wataƙila da ya ji. Amma Reijo ne.

"Gobe? So kake a ce na gudu? Shugaba, a ba ni ɗan lokaci. A wannan ƙasa akwai abin da sauna ba ta busarwa?"

Kafin Tellervo ta ɗaga cokali, ya rungumi kwamfutar ya nufi bayan zaure, inda aka hura sauna don masu zamiya. Na bi shi ina roƙo. Ya shiga da rigar cocinsa da takalminsa, ya tarar da tsofaffi zaune a jere tsirara, Aatos a tsakiya. Ya ɗora kwamfutar a benci na sama, inda zafi ya fi, ya ce kowa ya yi haƙuri kada a zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi da ke tayar da tururi.

Aatos ya dubi kwamfutar, ya dubi Teuvo.

"Ta biya kuɗin shiga?"

"Baba, minti kaɗan ne."

"Tun ina yaro ban taɓa zama a sauna ba ruwa ba. Baƙuwa ta bi al'adar gida."

Ya kamfaci ruwa da ludayi ya watsa. Tururi ya tashi ya rufe komai. Na ji Teuvo yana ihu yana laluben benci, na ji wani tsoho ya ce a cire masa hannu daga gwiwa. Da ya fito, rigar ta manne masa a jiki, fuskarsa ta yi ja, kwamfutar kuwa ta fi da jiƙewa, ga zafi kamar an sauke ta daga murhu. Fankar katin ma ta ɗan karkace.

A nan na tausaya masa ƙwarai. Na ce masa a hankali, "Mijin yaya, mu tafi gida. Ka ce ba ta da lafiya."

Ya ce, "Makullin fa?"

Ya koma zaure yana ɗigar ruwa, ya goge katin da adikon tebur, ya jona waya. Ya roƙi a buɗe ƙofofi da tagogi don iska ta shigo. Zauren ya ɗauki gunaguni, masu jarirai suka fara harara.

Tellervo ta ce, "Ba za a buɗe ba. Mutane na gayyato, ba kifi ba."

"To shi ke nan. Ku buɗe ido, don abin ba zai jira kowa ba."

Ya danna. Abin mamaki, ta tashi. Fankar ta riƙa ƙwanƙwasa gefe tana kaf-kaf-kaf, hoto ya fito a bango. Motar kore ce, sama kore, hanyar ma kore, amma tana tafiya. Teuvo ya damƙi sitiyari ya taka. Lambar kusurwa ta rikice ta nuna wani adadi mai tsawo da ba a taɓa gani ba.

"Kun gani! Reijo, karanta! Karanta da ƙarfi, ka sa tabarau!"

"Motarka ba ta da taya," in ji Reijo.

"Gudu ne ya ɓoye su!"

Sai muka ji ɗas. Wani shuɗin haske ya fito daga cikin kwamfutar, hayaƙi ya biyo baya da warin ƙonanniyar roba. Fis ɗin wutar lantarkin zauren ya ƙone. Majigi ya mutu, fitilu suka mutu, tukwanen miya suka yi shiru. Sai daga kicin muryar mai kula da injin kofi ta fito.

"Kofi bai gama sauka ba."

Nan fa zaure ya kacame. Mutanen da suka jure sanyi da duhu duk tsawon hunturu ba su ce komai ba, yau ga su a tsaye kowa na magana. Wani ya ce a fitar da shi, wani ya ce a mayar da shi tafki, wata ta ce tun ranar aurensu ta gaya wa Orvokki. Yayata kuwa ta ci gaba da shan miyarta a cikin duhun, ko kai ba ta ɗaga ba. Teuvo na tsaye riƙe da sitiyari, yana cewa wayar zauren ce ta tsufa.

Da aka gyara fis, kofi ya sauka, kowa ya sha ya dawo hayyacinsa, Tellervo ta ƙwanƙwasa cokali.

"Na ga abin da zan gani. Katin Reijo yana da kyau, amma idan muka saye shi sai dai yara su zauna a ƙasa, don ba za a sami na kujeru ba. Wannan ƙaramin kuwa an kai shi tafki, an kwana da shi a rumbun itace, an shiga da shi sauna, kuma duk da haka ya tashi ya yi tafiya. Katin da ya jure Teuvo har zuwa yau zai jure 'ya'yanmu. Shi za mu saya."

Teuvo ya saki sitiyari, baki har kunne. Ya gyara jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya tako gaba, ya miƙa tafin hannu a gaban kowa.

Tellervo ta ciro makullin daga jakarta, ta zagaye hannun nasa, ta miƙa wa Reijo.

"Reijo zai riƙe ɗakin. Kai kuma, Teuvo, kana iya shiga ka yi kallo kamar kowa, amma tsakaninka da kowace kwamfuta a bar tsawon hannu. Wanda ya yarda ya ɗaga kofi."

Kofuna suka tashi sama, har da na Orvokki. Ni na yi kamar ina neman sukari. Hannun Teuvo ya daɗe a miƙe kafin ya mayar da shi aljihu. Ya juya ya dubi jama'a ya ce, "Kun dai ji, katina ne ya ci." Kowa ya koma kan burodinsa.

Ni na taya shi jan amalanken zuwa gida. Rigarsa ta daskare tana ƙara duk takun da ya yi. Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi shiru mai tsawo haka ba, har muka wuce kanti, muka wuce coci, bai ce komai ba, kuma shirun bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Sai da muka kai bakin shingensu ya tsaya, ya dube ni, ya rage murya.

"Kauko, tsawon hannun da ta ce, nawa take nufi ko nata? Don nata gajere ne."